Yadda Kumfa Ya Koyi Wanke Kan 'Yarsa

Yayana ba ya iya zama wuri ɗaya. Wannan ba zagi ba ne, shi ma ya sani. In ka ba shi kujera, a bakinta yake ɗosana mazaunai, ƙafa ɗaya na rawa, ido na kan ƙofa. Abinci ma a tsaye yake ci. Makaranta ta kasa riƙe shi. Ni da na biyo bayansa na ɗan fi shi daɗewa a aji, amma don Allah kada a tambaye ni me na fito da shi.

Ya taɓa koyon ɗinki, ya dinga karya allurar keke har telan ya haɗa shi da girman Allah ya nemi wata sana'ar. Ya yi gadi a wani gida, aka sallame shi, don duk lokacin da mai gidan ya danna hon a bakin get, maigadi na can baya yana gyaran famfon da ba wanda ya sa shi. Sai da ya faɗa wankin mota sannan duniya ta huta da shi. Aiki ne na tsaye, ga zagaye, ga gudu, ga ruwa.

Wurin nasu wani fili ne a gefen titi, an yi masa daɓen siminti da rumfar kwano. Akwai baƙin tankin ruwa, da tsummoki rataye a waya, da injin feshi mai tari kamar tsohon mashayin sigari kafin ya yarda ya tashi. A can aka laƙaba masa Kumfa. A wurinsa, in kumfa ba ta lulluɓe mota har an manta launinta ba, to ba a fara wanki ba. Direbobi na son shi. Kafin ka gama amsa waya ya gama da motarka, yana tsaye yana hangen ta gaba.

Allah da ikonsa sai ya haɗa shi da mace mai natsuwa. Matar Yaya in tana tafiya ko kaza ba ta matsawa. 'Yarsu ɗaya, muna ce mata Barkono saboda bakinta, shekararta bakwai. Ba ta ɗauko natsuwar uwar ba, amma ta ɗauko gashinta: baƙi, mai cika, in an tsefe har kafaɗa. Duk ƙarshen mako uwar kan zaunar da ita a kujerar tsugunno a ƙofar banɗaki, su shafe rabin yini a kan gashin nan. Mu maza ba mu taɓa duba abin da ake yi ba. Mun dai san ana hana mu wucewa, kuma ana cinye ruwan ɗumi.

To sai matar Yaya ta samu ciki, jininta ya hau, likitoci suka ce ba inda za ta, a asibiti za ta kwanta har ta haihu. Suka ja wa Yaya kunne: kada a kawo mata labarin da zai tayar mata da hankali. Kafin ta tafi ta yi wa Barkono kitso ƙanana. Kitson ya zauna, ya tsufa, ya tara ƙasar filin makaranta, yarinya ta fara susa da hannu biyu. Kuma ba mai taɓa kanta sai uwarta ko ubanta. An taɓa kai ta wurin wata mai kitso, matar har yau tana nuna wa mutane tabon cizo.

"Wankin kai ne fa kawai," in ji Yaya. "Ni da nake wanke tirela?"

Ina gidan ranar, na ga komai. Ya tsefe kitson da sauri kamar mai kwance igiyar kaya. Bai taje ba. Ya kwara mata ruwa, ya tsiyayo sabulun ruwa da ya ɗebo a gora daga wurin aiki, wanda suke wanke mota da shi, ya tattara gashin duka ya tula a tsakiyar kai, ya shiga murzawa yana zagayawa, yadda yake yi wa bonet. Kumfa ta tashi har ba a ganin kunnuwa.

"Abba, idona!"

"Rufe, saura kaɗan. Kin ga yadda yake fita?"

Ya ɗauraye, ya sa tawul ya dirje kan kamar yana goge gilashi. Da gashin ya bushe sai ya yi fari-fari, ya yi tauri. Yaya ya zagaya shi ya duba, ya ce bai fita ba. Washegari ya sake. Jibi ma haka. Mota in ba ta yi sheƙi ba ai ƙara mata wanki ake yi.

Kafin mako ya zagayo, abin da ke kan Barkono ya tashi daga gashi, ya koma soson ƙarfe. Ya dunƙule wuri ɗaya, ya cukurkuɗe, mataji ya shiga ya bar haƙora biyu a ciki. Aka rufe da hula.

Sai ga babbar yayarmu, wadda Barkono ke kira Goggo. Ita ba ta zagaye-zagaye. Ta ɗaga hular, ta yi salati, ta mayar.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Na nuna Yaya da baki.

"Kai dai ba ka taɓa taɓa abu ya zauna lafiya ba. To babu magani sai aski. A aske shi ƙwal, wani ya fito."

Barkono ta riƙe hularta da hannu biyu. Ba ta yi tsiwa ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Goggo, Umma ta ce in ajiye mata shi har ta gani."

Ashe an ba yara izinin ziyara ranar Lahadi mai zuwa, kuma uwar ta matsa a kawo mata 'yarta. Goggo ta ce ita ba za ta kai wa mai hawan jini wannan sheƙar tsuntsun ba. Ranar Asabar za ta zo da almakashi. Yaya ya ce kan da aka aske ma ai zai tayar mata da hankalin. Goggo ta ce da ka yi wannan tunanin kafin ka mayar da 'yar mutane tasi.

Daga nan Yaya ya zama abin tausayi. Ya wanke mota ɗaya sau biyu, ya bar wata da kumfa a rufi ta tafi. Kowa ya tsaya sai ya tambaye shi. Wani direba ya ce kananzir. Wani ya ce baƙin mai na inji, wai ba abin da ba ya kwancewa. Ni na ce a gwada man goge taya, ko ba komai za ta yi sheƙi. Ya jefe ni da soso.

Akwai wata Hajiya mai shagon gyaran gashi a bayan layin, takan kawo 'yar jar motarta. Ranar da ta zo, Yaya ya zagaya motar ya fi a ƙirga bai zuba ruwa ba.

"Malam Kumfa, lafiya? Ko sayenta za ka yi?"

Ya kwashe labari ya faɗa mata. Da ya zo kan sabulun mota, Hajiya ta dafa ƙofa tana dariya har da hawaye.

"Ba ka sa mata injin feshin ba dai ko?"

"Hajiya, ba wasa nake ba wallahi."

"Na gani. Kawo ta gobe da safe, kafin mutane su taru."

Na bi su, don ba zan bari a ba ni labari ba. Shagon ɗan ƙarami ne: madubi dogo mai tsaga a kusurwa, kujeru biyu, kwamin wanke kai, robobi jere a kanta, fanka na juya ƙanshin mai. Hajiya ta miƙa hannu za ta cire hular, Barkono ta nuna haƙora.

"A'a, 'yar nan, riƙe kayanki. Ina son yatsuna." Ta juya wurin Yaya. "To kai za ka yi da hannunka, ni baki ne nawa. Zauna."

"In zauna?"

"A tsaye ake wanke mota. Zauna, ka sa ta tsakanin ƙafafunka."

Ya ɗosana a bakin kujera. Ta ce ya matsa ciki. Ya miƙa hannu zai ɗauki butar ruwa, ta buge hannun.

"Kuskurenka na farko ke nan. Gashin da ya fito daga kitso cike yake da wanda ya riga ya zube. Ka kwara masa ruwa da sabulu ba ka fitar da shi ba, sai ya naɗe da mai rai. Warwarewa ake fara yi."

Ta miƙo masa wata roba mai farin mai kamar madara mai kauri. Ta ce kwandishina ne, aikinsa sa gashi laushi da santsi. Yau da shi za a fara saboda ɓarnar da aka yi. Ya ɗan yayyafa ruwa, ya lafta man a dunƙulen, ya kai hannu ga mataji.

"Bari ya sha tukuna."

"Har yaushe?"

"Har sai na ce."

Jama'a, na ga Yaya a asibiti ana ɗinke masa ƙafa, bai sha wahalar da ya sha a jiran nan ba. Ya dubi agogon bango. Ya dubi titi. Ya ce fankar nan tana ƙara, bari ya duba ta. Hajiya ta ce in ya tashi ta fasa. Ƙafarsa ta dinga rawa har kan yarinyar na girgiza, sai da Barkono ta rungume gwiwar ta ce, "Abba, ka kashe injin."

Da man ya ratsa, aka fara. Da yatsu, ba da mataji ba. Daga bakin gashi can ƙasa, ana hawa a hankali zuwa tushe. Ka kama ɗan tsagi, ka riƙe gindinsa don kada ya ja fata, ka zare sili-sili. Duk inda ya warware, ka murɗe shi ka ajiye gefe. Yatsun Yaya da sabulu ya cinye suka yi kaushi, sai ga su suna lallaɓa gashi kamar masu cire ƙaya a ido. Sau biyu ya fizga, Barkono ta yi ƙara, Hajiya ta ce, "Ba tsumma ba ne, Malam." Gumi ya jiƙa masa riga. Mata suka fara shigowa, suka ga ƙato zaune da kan yarinya a cinya, suka fasa sauri, kowa na ba da shawara. Wata ta ce wa Hajiya ta ɗauke shi aiki. Na ce su yi haƙuri, ba ya wanke kai sai mai lamba gaba da baya.

Rana ta take kafin kan ya rabu gida huɗu. Sannan aka zo wanki. Ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, har ya jiƙe sosai. Yaya ya matso shamfu cikin tafin hannu kamar zai wanke bas, Hajiya ta kwashe fiye da rabi ta mayar.

"Ba zai yi kumfa ba, Hajiya."

"Ba kumfar ke wanki ba. Fatar kai za ka wanke, nan dattin yake. Da tsokar yatsa, ban da farce. Kada ka tula gashin a ka. Kowane kashi shi kaɗai, abin da ya gangaro ya ishi jelar."

Ya ɗauraye har ruwan ya fito garau. Ta sa ya matse ruwan a hankali, sannan ya sake shafa kwandishina, wannan karon daga tsakiyar gashi zuwa baki, ban da fatar kai, don a can toshewa yake yi ya kawo ƙaiƙayi. Aka sake jira. Mataji mai manyan haƙora ya bi ta ciki sumul, Yaya ya kalle ni kamar ya ci kofi. Aka ɗauraye da ruwa mai ɗan sanyi. Ya rarumo tawul, ta ƙwace, ta ba shi tsohuwar riga mai laushi, ta ce dannawa ake yi, ba dirza ba. Sai ɗan mai a baki, a bar shi ya sha iska. Kuma ba kullum ba, sau ɗaya a mako ya wadatar.

Saura wuri ɗaya. Can a ƙeya akwai wani ƙulli kamar ƙwallon dabino, ya ƙi. Yaya ya yi ta fama da shi, shi da ko layin shan mai ba ya iya bi. Hajiya ta duba ta girgiza kai.

"Wannan ya mutu. In ka matsa, da fata zai fito."

Yaya ya sunkuya daidai kunnen 'yarsa. "Uwata, guda ɗaya ne ya gagare ni. In yanke?"

Ta shafa wurin, ta shafa sauran. "Za a gani?"

"In an kama shi baya, ba mai gani," in ji Hajiya.

"To Abba, kai za ka yanke, ba Goggo ba."

Goggo ta zo ranar Asabar kamar yadda ta ce. Ta juya kan dama da hagu, ta ɗaga nan ta ɗaga can tana neman laifi, ta ce ai dama ita tsoratarwa take yi. Ta zauna ta ci abincinmu.

Ranar Lahadi muka shiga ɗakin masu ciki. Matar Yaya ta kumbura, tana jingine da filo. Barkono ta haye gadon ta kwantar da kai a ƙirjinta. Uwar ta sa yatsu cikin gashin tana bi a hankali, ta shinshina, ta ci gaba da bi har ta isa ƙeya. Nan hannunta ya tsaya.

"Me ya samu nan?"

Yaya ya buɗe baki, Barkono ta riga shi. Ba ta rage komai ba, har haƙoran matajin. Muna ta yi mata ido, ko a jikinta. Ni ina kallon fuskar matar Yaya, ina lissafin ta inda zan gudu in kira nas.

Sai cikinta ya fara girgiza. Dariya take, tana riƙe da ƙarfen gado.

"Sabulun mota? A kan 'yata?"

"An daina," in ji Yaya.

Ta sake shafa gashin tun daga goshi. "To wa ya yi wannan ɗin? Ya fi nawa laushi."

"Abba ne. Da hannunsa."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zame ɗankwalinta, ga nata kitson ya tsufa ya yi buzu-buzu da kwanciya.

"Tambayo nas ko za su ba mu ruwan ɗumi," ta ce. "Kai kuma ƙanin miji, tashi ka ba shi kujerar."