Muryar da Ke Cikin Shamuwa

A garinmu na bakin kogin Nistru, idan ka ce Simion Bordeianu sai an tsaya tunani. Amma ka ce Shamuwa, kowa zai nuna maka tagar sayar da tikiti a tashar mota. Nan yake zaune tun bakwai na safe, cikin ɗan akurkin da ko miƙa ba ya iya yi sosai, yana turo tikitin Chișinău, babban birninmu, ta ƙasan gilashi. Da wuya a wuni wani bai haɗa tafin hannu a gaban baki ya yi masa ƙwas-ƙwas irin na bakin shamuwa ba. Shi kuma sai ya yi murmushi, don mutum ne mai gudun rigima.

Shekara ashirin da biyu ke nan da aka zaɓi waƙar da za ta wakilci ƙasarmu a gasar waƙa ta ƙasashen Turai, wadda ake nunawa a talabijin duk watan Mayu. Mawaƙin, Dorel, kyakkyawa ne ajin farko, gashi har kafaɗa. Aibinsa ɗaya: a ƙarshen waƙar akwai wani dogon jan murya can sama, kuma ko da tsani Dorel ba ya kai wa wurin. Simion kuwa, da yake cikin 'yan amshi, yana kai wa ko gira bai ɗaga ba.

Dokar gasar ba ta da sassauci: mutum shida a dandamali, minti uku, kuma kowace murya daga maƙogwaro za ta fito a take. Dorel da 'yan rawa huɗu sun cinye biyar. Gurbi na shida an ware shi ga shamuwa, domin mai shirya waƙar ya rantse mutanen yamma ba sa tuna waƙa sai da abin kallo. Sai dabara ta faɗo masa. Aka zura Simion cikin rigar gashin tsuntsu, aka ɗaura masa abin magana a cikin wuyan, aka ce idan an zo wurin Dorel ya buɗe baki kawai ya ɗaga hannu. Aka ba Simion takardar rufe baki ya sa hannu, yana murna zai hau jirgin sama.

Ranar gasar, daidai wurin jan muryar, aka kunna injin iska don gashin Dorel ya yi ta kaɗawa. Wuyan shamuwar waya ce da auduga. Iska ta lanƙwasa shi, bakin ya sauka a tsakiyar kan Dorel, ya sassare shi har sau uku. Simion ba ya ganin komai a ciki. Ya ja muryar har ƙarshe, jan da bai taɓa yin irinsa ba, ya ji zauren ya ɗauki sowa, ya ɗauka don muryarsa ake yi. Wannan ne abin da ya fi ci masa rai har yau.

Maƙwabta sun ba mu maki goma sha biyu, da ma ko murfin tukunya muka buga za su ba mu. Sauran ƙasashe suka yi dariya suka wuce. Tun daga nan, duk shekara idan an gama lissafa waɗanda ake sa ran za su ci, sai a nuno abubuwan ban dariya na baya, kuma shamuwarmu ba ta taɓa fashi ba, tsakanin mutumin da ya yi waƙa cikin firiji da matan da suka zo da akuyar roba. Dorel yana can Italiya ya buɗe gidan abinci, yana ba 'yan jarida labarin yadda ya riƙe murya ana saran kansa. Simion ya dawo gida da rigar a buhu. Mu kuma, da yake garinmu bai taɓa fitar da wani abin da duniya ta sani ba, muka riƙe shi gam. Duk ranar gasa sai ya sa rigar a zauren taro na gari, ya tsaya da ƙafa ɗaya a yi hoto.

Bana likita ya ce akwai tsiro a maƙogwaronsa, za a cire a watan Yuni. Magana za ta dawo, waƙa kuwa kada ya sa rai. Matarsa Profira, wadda ita kaɗai ta san gaskiya a garin, ta juye masa mamaliga, tuwon masararmu, a kan katako ta ce, "Kai da wannan takardar taka. Wanda ya sa ka sa hannu ya mutu, kamfanin ya rushe, wa zai kama ka? Ni na gaji da auren tsuntsu."

Washegari ya je wurin Zinaida, shugabar zauren, hula a hannu.

"Minti uku nake roƙo, kafin a kunna talabijin. Da fuskata."

"Baba Simion, waƙa za ka yi? To ai shi ke nan, yi abinka. Amma rigar fa ka zo da ita, mota guda ta 'yan kallo za ta zo daga waje, duk don kai."

Ran Asabar da ƙarfe shida, rana ba ta faɗi ba, zauren ya cika, ana ta yanka cuku ana zuba giyar gida daga tulu. Simion ya ajiye rigar a kan kujera, ya hau da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Da ya fara, surutu ya ragu, da ya kai tsakiya har masu tauna sun tsaya. Aka zo wurin. Ya rufe ido ya ja, maƙogwaron na yi masa zafi kamar ya haɗiyi garwashi, amma muryar ta hau ta zauna daram, ba ta girgiza ba har ya sauke ta. Aka yi tafi na gaske, wata tsohuwa tana share hawaye.

Tudose mahauci, ubangidan baftismar 'yarsa, ya rungume shi a ƙasan dandamali.

"Kai, mutumin nan, ashe haka ka iya kwaikwayon Dorel? Na rufe ido na ce shi ne."

"Ba kwaikwayo ba ne, Tudose. Ni na yi ta tun farko. Daga cikin rigar."

Tudose ya dube shi, ya fashe da dariya har yana dafa tebur. "Ku ji Shamuwa. Kofi nawa ka sha? Gobe kuma kai ka rubuta taken ƙasa."

Maganar ta zagaya tebur-tebur, kowa na ƙara mata gishiri. Profira ta miƙe ta ce gaskiya ya faɗa, aka ce to ai dole, wace mace ce ba ta bayan mijinta. Ba mugunta suke yi ba, son sa suke, kuma wannan ya sa abin ya fi ciwo, don babu wanda zai yi wa fushi.

Yana tsaye kusa da kujerar, baƙin cikin duniya ya cika shi, sai wata baƙuwa mai zanen tuta a kumatu ta taɓa hannunsa. Tana cikin waɗanda suka fi kowa tafi. Ya ɗauka ita ta gane, ya gyara tsayuwa.

Da 'yan kalmominmu da ta haddace ta ce, "Baba, don Allah matsa kaɗan." Ta nuna rigar da wayarta.

Ya matsa. Kan shamuwar ya langaɓe gefe, hoton ya ƙi kyau, ta sake dubansa. Sai ya durƙusa bayan kujerar inda ba zai fito ba, ya tallabe wuyan da hannu biyu har ta gama.