Ranar Da Aka Daina Jiran Hawainiya

Ni ba mai fita ba ce. In ka cire biki da gaisuwar mutuwa, sai in yi wata ban taka kwalta ba, kuma ban ji na rasa komai ba, don Allah ya ba ni kunne. Ɗakina yana jikin zaure, taga ɗaya ce tsakaninmu, duk hirar da samari suka yi bayan magariba a kunnena take sauka. To, hirar da suke yi a 'yan kwanakin nan ce ta dawo min da kakata sabuwa fil a raina, Allah ya jiƙanta. Kuma ba da fara'arta ta dawo ba, da ɓacin ranta ta dawo.

Inna Yalwa muke ce mata. Gidanta a Madabo yake, can cikin lungun da ko jaki ya ɗauko kaya sai ya karkace kafin ya wuce. Sana'arta daddawa. Wanda bai taɓa dafa kalwa ba bai san gadin wuta ba. Tukunya ce da ake ɗorawa tun hantsi, rana ta faɗi tana kan murhu, kuma in ka bar wutar ta mutu ka ja wa kanka. Mu jikoki mu ne masu iza wutar, ladanmu tatsuniya. Da an idar da isha'i sai mu kewaye murhun, kowa da ɗan dankalinsa a binne cikin toka, ita kuma tana kan kujerarta 'yar tsugunno da ɗaurin ƙirji, goro a kumatu, muciya a hannu. Warin daddawa ya kama mana kaya har a makarantar allo ana toshe mana hanci, amma ko a jikinmu. Wa yake da kaka irin tamu?

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Sai ta ce, "Ga wata tafe, ku buɗe mata ƙofa."

Mu ce, "Ta shigo, Inna, ga tabarma."

Yawancin tatsuniyoyinta da dariya take yin su, har ta shaƙe da goro muna bubbuga mata baya. Guda ɗaya ce in ta ɗauko sai fuskarta ta canza, ita ce ta Hawainiya.

Wai a da can dabbobin daji suna da dandali, inda suke gwada ƙarfi da yamma. Dokar wurin ɗaya ce: ka kai bugu, ka tsaya, abokin karawarka ya kai nasa. Ba a yi wa kowa gaggawa. Ko za ka yini kana tunanin inda za ka buga, jiranka ake yi. A wannan dandalin babu mai kayar da Hawainiya. Ba ƙarfi gare ta ba, kallo gare ta. Idonta ɗaya yana kan ƙafarka, ɗaya yana kan kafaɗarka, sai ta gane inda ka jingina nauyinka ta taɓa ka a nan, sai ga ka a ƙasa. Ta kayar da Barewa, ta kayar da Dila, har Zomo da suke shan inuwa ɗaya kullum ta sha kayar da shi, su tashi suna dariya.

Rannan sai Hankaka ya sauko ya ce ya ji daga bakin tsuntsuwar nan Tsada, ita kuma ta ji a ƙofar gidan Zaki, wai in kaka ta yi za a soke jira, kowa ya buga iya saurinsa. Ba a yi shela ba, kaka ma ba ta yi ba. Amma a wannan yammacin da Hawainiya ta shiga fili ta tsaya tana duban Zomo, kafin ta ɗaga hannu ya zabga mata mari, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Dandali ya ɗauki shewa. Ta ce, "Zomo, ai layina ne." Ya ce, "Gara ki fara sabawa, ƙawata, don amfaninki nake yi."

A nan Inna take dukan itace da muciya har tartsatsi ya tashi. "Don amfaninki! Kun ji ɗan banza? Kun ji marar mutunci?"

Hawainiya ta hau bishiya, ta rine jikinta da launin ganye don kada kowa ya sake ganinta. Shi ya sa har yau in ta sauko take taka ƙasa a ɗarare, ta miƙa ƙafa ta janye, don ta daina yarda da ƙasar da ake taruwa a kanta.

Mukan tambaya, "Inna, to Zakin ya faɗa ɗin da gaske?"

Sai ta harare mu. "Wa ya je ya tambaye shi?" Ta tofar da tuƙar goro cikin toka ta ce, "Ta fita, ku rufe ƙofa. In da ƙarya a ciki wutar nan ta cinye."

Ni a lokacin na ɗauka da ni take. Tun ina ƙarama ba a magana a gidan nan ban ji ba, har takan ce min kunnen gida. Sai na zaci darasin shi ne kada ki zama Hankaka, kada ki kai kada ki kawo. Da wannan fahimtar na girma, na yi aure nan Ƙofar Na'isa, na haifi nawa.

Babban ɗana ba zan rubuta sunansa ba, ɗan fari ne. Yayansu nake ce masa. Tela ne, kuma hannunsa yana da kyau, har ranar da mota ta banke shi a kan mashin wajen Ƙofar Kabuga. Allah ya bar mana shi, amma hannun dama ya sandare, yatsun ba sa lanƙwasuwa, na hagun ma rawa yake in ya matsa masa. Keken ɗinki ya tafi. Ya daina zuwa ɗaurin aure don kada a miƙo masa hannu. Mutumin da yake cika gida da tsokana ya koma sai ka yi sallama sau nawa kafin ya amsa.

Abin da ya fito da shi daga ɗaki, ku yi dariya in kun ga dama, wasan waya ne. Ƙaninsa Mubarak ne ya sa masa. Ni ban taɓa riƙe shi ba, amma na ji shi har na haddace. Wai kana yawo a daji kana kama 'yan dodanni, ka yi kiwonsu kamar tumaki har su girma. Akwai na wuta, akwai na ruwa, akwai na ciyawa, na ruwa yana kashe na wuta, na ciyawa yana shanye na ruwa. In za a kara, sai ka zaɓi bugunka, abokinka ya zaɓi nasa, bi da bi. Yatsa ɗaya ya isa, in dai akwai kai. Shi kuwa Yayansu akwai kai. Yana da wani dodo mai nauyi da ya raina tun yana ɗan mitsitsi, kullum shi ne na ƙarshen bugu, amma in ya buga an gama. Samari suka dinga zuwa daga unguwanni don su kara da shi. Oga suke ce masa. Ina daga ɗaki ina jin dariyarsa ta dawo, ni kuma ina zuba musu shayi a fulas ina aikawa, ina yi wa Allah godiya a ɓoye.

Sai maganar sabon wasan ta ɓullo. Bai fito ba fa, har yau ɗin nan da nake rubutu bai fito ba. Wani ɗan guntun bidiyo na talla aka turo musu a guruf ɗinsu na waya, bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba. A ciki wai an ga wani dodo ya goce wa bugu da kansa, ya zagaya ta baya. Shi ke nan fa! A kan wannan gocewar aka kwana aka tashi.

Sadiku, abokin Mubarak, mai bakin nan kamar reza, shi ya fara. "Wallahi sun cire bi da bi. Ku duba, babu akwatin zaɓi a ƙasa. Yanzu gudu ne da gociya, yatsa ne zai yi magana."

Wani ya ce, "Kai, talla ce kawai, kullum haka suke ɓoye akwatin."

"To agogon da ke saman kusurwa fa? Na tsayar da bidiyon na zuƙo shi. Lokaci za a dinga ba ka, ya wuce ka sha duka."

"Wannan ba agogo ba ne, rana ce."

"Rana mai lamba? Kai dai faɗi gaskiya, tsoro kake ji."

Mubarak ya ce, "Ni dai in sun yi haka sun kyauta. Gem ɗin ya zama na tsofaffi. Mutum ya zauna yana tunani kamar mai lissafin gado, har cajinka ya ƙare."

Aka kwashe da dariya. Na kasa kunne in ji muryar Yayansu a cikin masu dariyar. Ban ji ba.

Da musu ne kawai da ban damu ba, samari ai sai da musu. Amma ba a yi kwana nawa ba suka ce gara su fara sabawa tun yanzu. Suka kafa doka a zauren gidana: in layinka ya zo za a ƙirga da baki, in aka gama ba ka danna ba ka faɗi. Ina jin su, baki ɗaya kamar 'yan makaranta, suna ƙirga wa mai hannu ɗaya. Hannun hagun nan ya ɗauki rawa, ya danna inda bai yi niyya ba. Sadiku ya yi ihu, "Oga ya faɗi! Yau Oga ya ci ƙasa!" Washegari sunan ya koma Baba Sannu.

Abin da na ji a ƙirjina, garwashi ne. Amma mu an hore mu da alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa ko da shi ne mai gaskiya, sai ta kau da kai a ce tana da kara. Haka na ga uwata ta yi, haka na yi shekara da shekaru. Sai na cije, na ci gaba da aika shayi.

Rannan da la'asar ina tankaɗe sai na ji Yayansu a tsakar gida yana cewa, "Mubarak, kawo wayarka in tura maka dodannina. Har babban. Kai za su yi wa amfani."

Na tsayar da rariya ina jiran in ji yaron nan ya ce haba Yaya. Sai na ji ya ce, "Kai, amma na gode! Dama shi nake so."

Ban san sanda na miƙe ba, gari har gwiwar hannu. "Mubarak, zo nan."

"Na'am, Umma."

"Wa ya ce muku an canza wasan nan?"

"Kowa ma ya sani, Umma, ana ta faɗa."

"Masu wasan ne suka faɗa?"

"Ba su faɗa ba tukuna, amma alamu..."

"To don ubanka, abin da ba a faɗa ba shi kuka ɗauko kuka kafa a zaurena? Ka zauna kana ƙirga wa yayanka, kana kallon hannunsa?"

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda yake so a mayar da abu wasa. "Umma, wasa ne fa. Kuma yau ke ce kike shigar wa Yaya? Ina alkunyar?"

Wannan ita ta ƙarasa ni. Wato ya san ba zan yi magana ba, da shirun nawa ya dogara. Na ce, "Na ajiye ta. Kunyar da za ta sa a taka min ɗa ina ji, ba na so. Ka mayar masa da kayansa, kuma ka gaya wa Sadiku zauren nan ba na ubansa ba ne. Mai son ƙirge ya je tasha."

Yayansu yana tsaye jikin randa, bai ɗago ba. Ya ce, "Umma, bar masa. Ba dodannin ne suka dame ni ba." Ya shige ɗaki.

Sun koma wani zauren a bayan layi. Ina jin labari har yanzu suna can suna tsayar da bidiyo suna musun agogo ne ko rana. Mai yiwuwa wasan ya fito a ga ba a canza komai ba, mai yiwuwa a canza. Wallahi ban damu ba. Waɗanda suka ƙera shi suna wata duniya, ba su san ɗana ba, ba su ci amanarsa ba.

Sai yanzu, da furfura a kaina, na gane da wa Inna Yalwa take. Ba ta taɓa zagin Hankaka ba, ko sau ɗaya. Tsuntsu ne, ya ji ya faɗa. Zomo take zagi, wanda ya ji jita-jita ya yi murna, ya kasa haƙurin a tabbatar. Ashe duk jiran da yake yi wa ƙawarsa doka ce ta sa shi, ba ƙauna ba, yana jin ƙishin-ƙishin za a ɗage dokar ya nuna abin da ke cikinsa. Ban san wa ya taɓa yi wa Inna haka ba da har take dukan itace. Ban tambaya ba, ga shi babu wanda zan tambaya.

Yanzu bayan magariba Yayansu a ƙofar kicin yake zama, kusa da ni. Ya fara wasan daga farko, da wani ɗan dodo ƙarami, shi da wayar kawai suke karawa. Jiya ina kwashe tuwo na saci kallonsa. Ya ɗaga yatsa ya tsaya yana tunani, ya daɗe, har na gama kwashewa na rufe kwanuka. Wayar nan tana hannunsa shiru, ba ta ƙirga masa ba. Ƙarfe da gilashi ya iya jiransa, wanda suka sha nono ɗaya ya kasa.