Bawul ɗin Maliki da Shanun Arɗo Jibrilla

Maliki ɗan Lawwali haifaffen Tozai ne, a ƙasar Isa. Tun tasowarsa ba ya iya barin abu a rufe. Kwado ne, fitila ce, keken ɗinki ne, sai ya ga cikinsa. Yana da shekara ashirin da biyu ya tafi Jos cin rani, ranin kuwa ya zama shekara goma sha ɗaya, domin wani mai gyaran famfo da ke kula da gidajen manyan ma'aikatan kuza ya ɗauke shi aiki.

A can ya ga gidan da ake ɗumamawa da ruwa. Tukunya ɗaya ce ke dafa ruwan, amma aikinta biyu: ta zafafa tankin wanka, ta kuma zafafa wasu ƙarafa masu kama da lagireton mota da aka kafa a bangon ɗakuna. Abin da ke raba aikin wani bawul ne na tagulla mai baki uku, ɗaya na shiga, biyu na fita. A cikinsa akwai 'yar ƙwallon roba da ke toshe baki ɗaya, a kansa kuma ɗan injin lantarki da sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya mai ja da baya. Muddin tankin wanka bai yi zafi ba, sifirin yana riƙe ƙwallon a bakin ɗakuna, ruwa duka ya nufi tanki. Da zarar ya yi zafi, sai ma'aunin zafi ya saki wuta, injin ya juya a hankali, ƙwallon ta koma ɗaya bakin, ɗakuna su samu nasu. Maliki ya sha tsugunawa yana sauraron wannan juyi. Da aka yar da wani bawul saboda sifirinsa ya karye, ya gyara shi, ya zo da shi gida.

A lokacin fari na 1984 rijiyoyin Tozai suka ƙafe, saura burtsatse ɗaya mai aiki da janareta, kuma Maliki ne mai kula da ita. Bututunta ɗaya, masu buƙata biyu: tankin da mata ke ɗiba, da komin da dabbobi ke sha. Kullum sai an yi cacar baki a kan wa za a juya wa ruwa. Arɗo Jibrilla, wanda rugarsa ta shekara talatin a gefen garin, ya ce zai kwashe garkensa ya yi kudu, ko da rabinsu za su faɗi a hanya.

Maliki ya same shi ya ce, "Arɗo, ba ni kwana ukku. Za ni sa abin da ba shi da dangi cikin gari, ba shi da saniya. Shi ka raba muku."

Arɗo ya ce, "Kaɗo, ƙarhe za ka naɗa alƙali? To, na ji. Kwana ukku."

Maliki ya ɗaura bawul ɗin a mararrabar bututu. A madadin ma'aunin zafi ya sa gora mai yawo a kan ruwa a cikin tanki, ya haɗa ta da makunni. In tanki ya cika, gora ta taso, wuta ta isa injin, ruwa ya juya komi. Ya gwada da hannu, ya yi daidai.

Rana ta farko injin bai motsa ba. Ta biyu ma haka. Shanu suna tsaye a komi busasshe, sai ɗan abin da aka ɗebo musu da bokiti. Maliki ya kwance kan bawul ɗin, ya duba waya, ya duba sifirin, bai ga aibu ba. Da hantsin rana ta uku ya hangi an fara ɗaura kayan ruga a kan jakuna.

Yayarsa Tasalla, wadda matan unguwa ke jin maganarta, ta iske shi ya yi tagumi a gindin tanki.

"Ɗan Jos, alƙalin naka kwana shi kai?"

"Yaya, lahiya tai lau. Jira shi kai tanki shi cika."

"Shi cika? Yaushe rabonka da ganin tankin ga cike? Kowace mace in ta cika tulunta sai ta cika na maƙwabciya, sai ta koma ta ɗauko kwatanniya, don ba ta san gobe ba. Can inda ka baro, su nawa ka wanka gidan?"

"Mutum biyu."

"To mu ɗari huɗu muke."

Sai a lokacin ya ga inda ya kuskure. Bawul ɗin an ƙera shi ne don gidan da na farko ke ƙoshi ya bar wa na biyu. A Tozai, a wannan shekara, na farko ba ya ƙoshi.

Ya ce zai cire shi ya koma juyawa da hannu. Tasalla ta ce in ya yi haka rigima za ta dawo kansa, ya bar mata. Ana idar da Azahar ta shimfiɗa tabarma a gaban famfo, ta zauna, ta ce kowace ta ajiye tulu a layi ta koma gida sai La'asar. An yi gunaguni, wata ma ta ce ashe shanu sun fi 'ya'yansu. Tasalla ta tambaye ta nonon wa take dama wa 'ya'yan nata fura. Matar ta ajiye tulu.

Maliki ya hau tsani yana leƙen gora, tana tasowa kamar ba ta so. Arɗo yana tsaye a ƙasa, sanda a kafaɗa. Ana gab da kiran La'asar makunni ya yi ƙas, injin ya ɗauki gurnani, bututun komi ya yi tari sau biyu, ruwa ya zubo.

Arɗo ya bari har saniya ta ƙarshe ta ɗaga kai, sannan ya tambayi Tasalla ko gobe ma za ta zauna. Ta ce za ta zauna har damina. Ya juya ya aika ruga a sauke kaya daga jakuna.