Zanen Ƙusar Baba a Jikin Farfela

Daga Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin mijina, bakaniken da direbobin akori-kura suka fi sani da Mai Kofi. Ya cika a ɗakinsa bayan jinyar ciwon zuciya, Mama na zaune kusa da kansa, tagar da ke kallon gareji a buɗe kamar yadda ya ce a riƙa barin ta.

Baba, na karanta mutuwa da yawa a littafi. A can mutum yakan tara iyalinsa, ya yi doguwar magana, sannan ya rufe ido. Taka ba haka ta zo ba. Ka sha ruwa, ka tambayi Mama ko an rufe durom ɗin baƙin mai kada ruwan sama ya shiga, ka juya fuskarka wajen taga. Shi ke nan.

Ranar da na fara kawo muku abinci gareji, ina sabuwar amarya, na zauna a kan benci na ɓoye littafina a ƙarƙashin mayafi don kunyarka. Ka fito daga ƙarƙashin mota kana goge hannu, ka ce, "Fito da shi, 'yar nan, ba sata kika yi ba." Da na fito da shi ka dubi bangon, ka tambaye ni wace irin mota jarumin yake hawa. Na ce an dai ce mai tsada ce. Ka ce, "Ba ta taɓa lalacewa a hanya?" Na ce tun da na fara ban ga inda ta lalace ba. Ka girgiza kai ka ce, "To mu a garin nan nasu da yunwa ta kashe mu." Daga ranar ka sa mini suna 'Yar Littafi, kuma duk lokacin da na zo sai ka tambayi inda aka kwana. Ba ka taɓa riƙe sunan kowa a labarin ba. "Yaron nan mai motar da ba ta lalacewa," haka kake cewa, "ya sami yarinyar ko da saura?"

Wanda bai san ka ba zai yi mamakin sunan Mai Kofi. Wani tsohon kofin ƙarfe ne mai lotsattsen baki, yana rataye a ƙusa jikin ginshiƙin rumfa. Idan direba ya zo ya ce motarsa tana rawa, ba ka fara ɗaukar sifana. Sai ka cika kofin da ruwa, ka cire takalminka, ka shiga gefen mai zaman banza, ka ajiye kofin a tsakanin ƙafafunka, ka ce wa mai motar ya ja. Ba ka yarda ka tuƙa da kanka. Ka ce mai tuƙi hankalinsa na kan hanya, ba zai ji abin da mota ke faɗa ba. Tafin ƙafarka na kan ƙarfe, hannu ɗaya a kan kujera, wani lokaci ka miƙa yatsu biyu ka taɓa sitiyari. Idan rawar a sitiyari take, ka san gaba za ka duba. Idan ta kujera take tasowa, sai ka koma baya. Wadda ba ta zuwa sai an taka birki daban take a wurinka, haka wadda ke kama mota tana tsaye inji na aiki. Tambayoyinka kullum su ne: a ina kake jin ta, yaushe take zuwa, me aka taɓa kafin ta fara. Na ji su har na haddace, ina zaune a bencin nan da littafi a cinya.

Na tuna wani direba da ya zo a firgice, an ce masa sai an sauke giyar motarsa gaba ɗaya. Kuka zaga kuka dawo, ka durƙusa gindin tayar baya, ka sa tsinke ka ɓamɓaro busasshen taɓo da ya manne a cikin wili ta gefe ɗaya. Ka ce ya sake ja. Mota ta yi lafiya. Ka ce wa mutumin, "Je ka, amma ka riƙa yi mata wanka, ita ma baiwar Allah ce."

Na kuma tuna wanda ya zo da lodin buhuna, tayarsa ta gaba ta kumbura ta gefe. Ya ce sauri yake, in ya dawo ya canza. Ka zare makullin ka sa a aljihu, ka koma ka zauna. Ya yi faɗa, ya yi roƙo, har ya ce ai motarsa ce ba taka ba. Ka ce, "Motar taka ce. Mutanen da za ka gamu da su a hanya fa, naka ne?" Abokinka mai faci, wanda rumfarsa ke jikin taka tun kafin a haifi mijina, shi ya kawo wata tayar aka sa. Direban nan yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarka, Baba. Na ga ya fito yana share ido da hular da ke hannunsa.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne aikinka na ƙarshe, domin ni ce shaidarsa.

Ranar da aka sallamo ka daga asibiti, a akori-kurar gida muka ɗauko ka, wadda ka daɗe kana riƙo kafin ka bar wa ɗanka. Kana jingine da ƙofa, idonka a rufe, muna zaton barci kake. Da muka hau babban titi sai muka ji ka ce, "Tun yaushe take wannan?" Rawar motar kake nufi. Ɗanka ya ɓoye maka ne don kada ya ƙara maka damuwa. Tun kana kwance motar ta fara rawa. Ya kai tayoyi an yi musu balans, ya musanya na gaba da na baya, ya duba birki, ya canza shakazoba mai shanye gargadar hanya, ita kuwa tana nan yadda take.

Abin ya ci shi fiye da yadda ya nuna maka. A ɗaki ya gaya mini cewa bakaniken da ya kasa gano ciwon motar gidansu ba shi da idon karɓar ta mutane. Ya ce duk shekarun nan kunnenka yake aro, in babu kai babu gareji. Wani abokinsa ya yi masa tayin tuƙin tirela, irin tafiyar da ake yin makonni ba a ga gida ba, kuma ya ce in har rawar nan ta gagare shi zai sayar da motar, ya rufe rumfa, ya tafi. Ban gaya maka ba, Baba. Amma ina jin ka gani a fuskata, domin a kwanakin nan littafin ma ajiye shi na yi.

Wata rana kana kwance a ɗakinka, ka fara tambayarsa yadda rawar take. Ya ce, "Rawa dai, Baba. Tana rawa."

Ka ce, "Ai na san ba waƙa take ba. Kira mini 'Yar Littafi."

Da na zo na durƙusa, ka ce in ɗauko kofin a ƙusa. Ka ce, "Ke ce kika saba da masu bayanin abu dalla-dalla, har launin labulen ɗakin yarinya sai an faɗa. Cire takalmi, ki zauna a wurina. Kada ki yi tunanin mota, ba ki san ta ba. Abin da jikinki ya ji kawai za ki kawo mini."

Ban taɓa jin nauyin aiki irin na ranar ba. Muka hau titi, ɗanka na tuƙi, ni da kofi a tsakanin ƙafafu, ina ta addu'a kada in zubar. Da muka dawo na zauna a bakin gadonka na ce: ba a sitiyari take ba, don na taɓa shi na ji shi shiru. Ta ƙasa take shigowa, ta tafin ƙafa, ta bi kujera ta hau baya. Ba tsalle-tsalle take ba. Ƙarama ce mai sauri, kamar idan maƙwabciya na ɗinki da keke a bayan bango kana jin sa a jikin gadonka. Ruwan bai fantsama ba, sai wasu ƙananan zobba da ke ta haihuwar juna a samansa. Madubin ciki ya dushe har ba na gane motar da ke bayanmu. Idan ya taka totur sai ta ƙaru, idan ya ɗaga ƙafa sai ta lafa, ko da gudun bai ragu ba.

Ka yi murmushi, irin wanda ka daɗe ba ka yi ba. Ka ce wa Mama, "Kin ji? Ashe kuɗin littafin nan ba a banza yake tafiya ba." Sannan ka dubi ɗanka ka ce, "Wanke farfela."

Farfela, ga wanda bai sani ba kamar yadda ni ma ban sani ba a da, ita ce doguwar sandar ƙarfen da ke ƙarƙashin mota, mai ɗaukar juyin inji ta kai wa tayoyin baya. Ta motarmu gaɓa biyu ce, ɗaya na shiga cikin ɗaya. Ɗanka ya ce da hannunsa ya sa mata sabon boris, ƙarfen da take juyawa a cikinsa, kwanan nan, ya jijjiga ta babu inda ke motsi, lafiyarta ƙalau. Ka ce, "Ban ce ka jijjiga ba. Wankewa na ce." Ba ka ƙara ko kalma ba. Da muka fito ya ce mini ciwo ne ya fara taɓa maganarka. Kafin a sake tayar da zancen jikinka ya rikice, sannan Laraba ta zo.

Bayan masu ta'aziyya sun ragu, ɗanka ya ce mini ya ba abokinsa amsa, ƙarshen wata zai fara tafiya. Ban yi gardama ba. Na ce abu ɗaya nake roƙo: maganar ƙarshe da ka yi masa a kan aiki, ya cika ta, ko da ba ta da amfani. Wankewa kawai ka ce.

Da safe ya ɗora motar a kan rami ya sauka da tsumma da kananzir, ni kuma na tsuguna a baki ina haska masa tocila. Mai faci ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "A'a, yau amarya ce ƙaramar bakanike? Allah Ya sa kada ki karanta mana farfelar." Ɗanka yana ta goge baƙin maiƙon da ya daskare shekara da shekaru. Can sai hannunsa ya tsaya. Sannan ya ce, "Sauko ki gani."

A daidai inda gaɓoɓin biyu suka haɗu akwai ɗan zane, siriri, irin na bakin ƙusa. A ɗaya gaɓar ma akwai ɗan'uwansa. Kamata ya yi su kalli juna, su zama layi ɗaya. Amma ɗaya na nan, ɗayan ya juya can gefe.

Zanenka ne, Baba. Ka yi shi tun ranar da ka fara kwance farfelar nan, wataƙila ɗanka ko makaranta bai shiga ba. Dokarka ce da kowa a gareji ya sani: kada ka raba abu biyu masu juyawa tare sai ka yi musu alama, domin za su yarda su koma ta kowace fuska, amma fuska ɗaya ce tasu. Ɗanka ya san dokar. Sai dai safiyar da ya kwance farfelar ita ce safiyar da ka faɗi a tsakar gida. Ya bar ta a ƙasa ya ruga, ya dawo bayan kwanaki ya mayar da ita da hannu, zuciyarsa tana asibiti.

Ya kwance ta, ya juya gaɓar har zanen biyu suka haɗu, ya ɗaure. Ni na cika kofin. Muka hau titin nan dai, ya taka totur, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Ruwan yana kwance kamar a kan tebur. A madubi ina ganin motar da ke bayanmu har da fuskar direbanta. Sai ya sauka gefen hanya, ya kashe inji, ya kifa kansa a kan sitiyari. Tun ranar Laraba ban ga hawayensa ba sai a wurin. Na bar shi ya yi mai isarsa, ina riƙe da kofin.

Na yi ta tunani, Baba. Na tabbata tun a hanyar asibiti ka gane, ko ka kusa. Da ka so, da ka ce masa gaɓa ta juya, ya gyara a ranar. Amma da ka yi haka, da ya ƙara yarda cewa kunnenka kawai yake aro. Sai ka nuna masa wurin dubawa ka bar masa ganin. Ni kuma ka ba ni aikin da ya sa na san ina da amfani a gidan nan fiye da kawo abinci.

Washegari ya buɗe rumfa. Ya aika wa abokinsa cewa a nemi wani direban. Jiya wani ya zo da akori-kura yana cewa tana rawa, ina daga taga na ga ɗanka ya miƙa hannu wajen ƙusa ya sauko da kofin, ya tsaya a bakin mota yana cire takalmi. Mama ma ta gani. Ta ja kujerarta kusa da tagar.

Littafin da nake karantawa lokacin jinyarka na gama shi. Yaron nan ya sami yarinyar, Baba. Motarsa kuwa har shafin ƙarshe ba ta lalace ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi. Duk wanda ya isa gida lafiya saboda tayar da ya hana a hau, ko ƙarfen da ya mayar daidai, Ka sanya ladan a mizaninsa. Ka sa Aljanna ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi zaman aure da jinya ba tare da ƙorafi ba, Allah Ya ba ki haƙuri Ya cika miki ladanki. Ga mijina da yayyensa mata, ga abokinsa mai faci da yanzu yake shan shayinsa shi kaɗai, da dukan direbobin da suka saba tsayawa ko ba su da gyara don su gaishe shi, Allah Ya ba mu juriyar wannan rashi. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa mu ma mun bar wa na bayanmu alamar da za su daidaita da ita. Amin.