Fuska Uku a Takarda

Yayana ya sari wani mutum da fartanya a gonarmu ta Karare. Mutumin bai mutu ba. Alƙali ya ce ba gidan yari ya dace da shi ba, asibitin ƙwaƙwalwa za a kai shi, ɓangaren da ake kullewa. Ni ke zuwa duba shi, don ni ke da mashin, kuma dama zama wuri ɗaya ba ya yi mini.

Wata Talata na sauke fasinja a Safana na miƙe can. Muna zaune, wata nas ta kawo takarda. Ta ce ra'ayin marasa lafiya suke son ji: abinci, magani, yadda ake musu magana. Gaban kowace tambaya akwai fuska uku, mai murmushi, mai shiru, mai ɓacin rai. Yaya allo kawai ya yi. Ni na taɓa aji biyu a sakandare, sai biron ya faɗo hannuna.

"Auta," ya ce, harshensa da nauyi, "sa musu allurar nan tana sandarar mini da wuya. In na idar da salla ko sallama ba na iya juyawa."

"To, Yaya."

"Sa mai ɓata ran. Ga ta nan kamar Baba in an taɓa masa rediyo."

Ni kuwa jarrabawa na ɗauke ta. Gani nake wanda ya yi ƙorafi za a ce bai warke ba, a ƙara masa shekara. Kuma kana hannun mutane ka ce ba ka gode ba? Na karkatar da takardar, na bi mai murmushi daga sama har ƙasa.

A bakin ƙofa na tambayi nas ko takardar za ta sa a sake shi da wuri. Ta ce ko suna babu a jiki, ba ruwanta da alƙali, dubawa suke su ga abin gyara. Ta jefa ta a akwati. Na hau mashin na tafi.

Wata uku hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Da na koma, da jikinsa gaba ɗaya ya juyo ya dube ni.

"Ka ga dai sun karanta, ba su yi komai ba. Shi ya sa na daina gaya musu abin da ke damuna."

Ranar na samu likita na yi masa bayani, aka canza allurar. Amma nas ta ce har yanzu ko me suka tambaye shi, lafiya lau yake cewa. Ban gaya wa Yaya abin da na cika a takardar ba tukuna.