Gilashin Tagar da Ya Rage

Shekaru sun ja, kuma ban amince da tunanina kamar dā ba. Mai yiwuwa na haɗa abin da ya faru a rana biyu ya zama ɗaya. Abin da ba na shakka a kansa shi ne tsoron da na ji.

Ina sabon malami a lakwal, wato makarantar boko, ta Matameye, kafin ƙasa ta sami 'yancin kai da 'yan shekaru. Ba a tabbatar da malami a aiki sai sufeto ya zo daga Damagaram ya ga yadda yake koyarwa, kuma cikin abin da ake dubawa har da darasin waƙa. Ni kuwa muryata ba ta tsayawa wuri ɗaya. A zuwan farko na tayar da waƙa, yara suka bi ni muka ɓace tare, na faɗi. Darakta ya gaya mini a fili cewa in na sake faɗuwa, sallama ce. Ni kaɗai aka taɓa ɗauka lakwal daga ƙauyenmu, ban san da wace fuska zan koma ba.

Babu abin kiɗa a lakwal. Sai na tuna wani abin kiɗa da na gani a makarantar horon malamai, na itatuwa jere a kan ƙananan duma, ana bugawa da sanduna. Ban iya sassaƙa ba, amma iska ta fasa mana tagogi biyu da damina, gilasan na jingine a ofis. Na roƙa, aka ba ni. Wani mai gyaran tagogi a wurin masu awon gyaɗa ya ara mini ƙarfen yankan gilashi, ya nuna mini sau ɗaya.

Na yanka su falle-falle, faɗin yatsu uku, na jera a kan igiya biyu, na rataya duma ƙarƙashin kowane. Gajere sautinsa sama, dogo ƙasa. In ka rage ya wuce kima, shi ke nan, gilashi ba ya komawa. Tun da kunnena ba abin dogaro ba ne, na je wurin wani tsoho mai gurmi a unguwarmu.

"Mushe, duk bokon nan naka, taga za ka kaɗa wa Nasara?" in ji shi. Mushe ake kiran malamin lakwal, daga Faransanci.

"Baba, ka taimake ni. Ni zan goga, kai ka saurara."

Ina gogawa a dutse da ruwa, yana bugawa yana karkata kai. "Ƙara kaɗan. Kai, a hankali!" Mun yi kusan mako biyu, ina jin. Yatsuna duk suka tsattsage. Da ya ce ya yi, ya kaɗa, mata suka leƙo ta kan danga.

Saura kwana uku sufeto ya dawo na gwada waƙar Faransanci da aka sa mu koyar. A layi na biyu sandata ta tsaya a sama, babu inda za ta sauka. Tsohon ya jera mini sauti biyar ne, irin na kiɗansa, waƙar kuwa bakwai take nema.

"Baba, biyu sun ɓace!"

"Ba abin da ya ɓace. Waɗancan biyun karkatattu ne, wa zai sa su cikin kiɗa?"

Guntun gilashi ɗaya ya rage, wanda zai ba da falle biyu in ban yi kuskure ba. Na ja layi na farko, ya rabu lafiya. Na biyu ya tsage a karkace a hannuna. Na zaga gari ina tambayar gilashi har wurin mai sayar da fitilu, na gwada kwalba, na gwada madubin aski, babu wanda ya yi. Na zauna a ƙasa ina duban gutsattsarin, na kasa cin abinci.

Ranar da sufeto ya zo, na jera shida, na bar gurbin na bakwai. Na gaya wa yara gaskiya a gaban sufeto: in sandata ta zo wurin nan, babu mai taimakonsu. Muka fara. Sau huɗu waƙar ke bi ta gurbin, sau huɗu na ɗaga sanda na rufe ido, su kuma suka rera wani abu suka wuce. Ko daidai ne, har yau ban sani ba. Sufeto ya zo ya ƙwanƙwasa falle ɗaya da alƙalaminsa, ya leƙa duman da ke ƙasa, ya yi rubutu mai tsawo, ya tafi.

Bayan wata biyu takarda ta zo, an tabbatar da ni. Na daɗe ina zargin tausayi ne kawai.

In akwai wanda ya zauna a ajin nan yana da rai, ina roƙonsa ya aiko mini da gyaran duk abin da na kuskure. Musamman ya gaya mini abin da suka rera a gurbin nan.