Tsirkiyoyin Kawu

Jiya na buɗe ɗakin Kawu a unguwar Alsawra ta Umdurman, karo na farko tun da muka gudu. Warin gam da tsohon katako ya tarbe ni, sai ka ce yana ciki.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Tsofaffin mandolin, kayan kiɗa masu tsirkiya, yake saye a kasuwar Suk al-Arabi, masu baya kamar ƙoƙo, yana gyarawa. Ba ya rataye ko ɗaya sai ya sassauta mata tsirkiya. Yakan ce zafin Umdurman yana narkar da gam, in tsirkiya ta ci gaba da ja, wuyan ɓallewa zai yi.

Ranar da bama-bamai suka fara faɗowa a layinmu, mota tana ƙofar gida, direba sai danna hon yake yi. Na tarar da Kawu a tsugune yana murɗa kunnuwan mandolin ɗin da bai riga ya sassauta ba, ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, yalla! Za su tafi su bar mu!"

"Saura kaɗan, 'yata."

Wata ƙara ta girgiza ginin, ƙasa ta zubo mana a ka. Na fizgi hannun jallabiyarsa har ya yage.

"Katako ne fa, Kawu!"

"Ban san ranar dawowata ba," ya ce. "Ba zan bar su a ɗaure ba."

Bai dawo ba, a gudun hijira ciwo ya ɗauke shi. Ɓarayi sun kwashe gidan, amma cikin mandolin ɗin da suka rage a bango babu wadda ta tsage.

Ya Allah, bawan nan naka ya tausaya wa katako ana ruwan wuta. Ka tausaya masa, Ka yalwata masa kabarinsa.